Rubutun da Mayya Ta Taka

Ranar Lahadi ɗalibai biyu suka same ni a gidana na unguwar Taman Melati, Nabila 'yar ƙawata da wani ɗan ajinsu mai suna Sadiq. Suna so su fara mayar da manga zuwa Hausa. Ga wanda bai sani ba, manga littattafan labari ne na zane da ake yi a Japan, baƙi da fari, ana karanta su daga dama zuwa hagu kamar ajami. Sadiq ya miƙo min wayarsa.

"Anti, duba ki gani. Hoton shafin kawai za ka ɗauka, manhajar ta goge Japanancin, ta zuba fassara. Ko minti ɗaya ba a yi."

Na buɗe hoton da yatsu biyu. A inda ta goge rubutun, rabin fiffiken dodo ya tafi, ta cike wurin da wani abu kamar kunu. Na ce su zauna. Abin da na gaya musu ran nan shi nake rubutawa a nan, don na san ba su kaɗai ke ganin aikin nan wasa ne ba.

Shekarata goma sha shida ina gyaran shafi. Maigidana na biyo Kuala Lumpur lokacin da ya zo karatu a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, ya gama aka riƙe shi koyarwa. Ni kuwa lalle nake yi wa amare, namu da na Malay. A wani biki wata mata ta tsaya a kaina tana kallon yadda nake jan layi a bayan hannun amarya, har na gama hannu biyu ba ta matsa ba. Sunanta Mas, kowa Kak Mas yake ce mata, wato Yaya Mas. Ita ce babbar mai gyaran shafi a wani ƙaramin kamfani da ke sayen lasisin manga daga Japan yana bugawa da harshen Malay. Ta tambaye ni ko na taɓa riƙe alƙalamin kwamfuta. Na ce ban taɓa ba. Ta ce wannan mai sauƙi ne, hannun da ba ya rawa shi ne ba a koyarwa. Mai kamfanin, wani Basine da ake kira Mista Tan, shi ya nema min takardar izinin aiki.

Aikin farko da ta ba ni shafi ɗaya ne, na ruwan sama a kan rufin gida. Su Japanawa har ƙarar abu zanawa suke yi. Idan ruwa na zuba, za ka ga manyan haruffa sun ratsa hoton daga sama har ƙasa, kuma ba a gefe suke ba, a cikin zanen suke. Aikinmu shi ne mu cire haruffan, mu zana abin da ya kamata a ce yana bayansu, wanda mai zanen bai taɓa zanawa ba, sannan a ɗora ƙarar da Malay. Inuwar manga kuma ba fenti ba ce, ƙananan ɗige-ɗige ne a jere, dubbai. Idan ka cike gurbi ɗigonka ya goce da faɗin gashi ɗaya, a allon kwamfuta ba za ka gani ba, amma a takarda zai fito kamar tabon mai a farar riga. Kwana uku na yi a kan rufin nan. Sau huɗu Kak Mas tana dawo min da shi ba tare da ta ce komai ba, sai dai ta ɗora farcenta a wurin. A karo na biyar ta ce, "Boleh," wato ya yi, ta tafi cin abinci. Ita ta koya min in riƙa juya shafi, dama ta koma hagu kamar a madubi, kafin in ce na gama. Ido yana sabawa da kuskurensa, in ji ta, sai ka juya yake ganin karkata.

Kayan aikin ba su da yawa: allon zane, alƙalaminsa da ake canza wa baki idan ya cinye, gilashin ƙara girma don duba gwajin bugu, da kujerar da ba za ta kashe maka baya ba. Masu sayen littattafan su ne masu wahala. Akwai waɗanda ke sayen na Japan da namu su ajiye gefe da gefe, su bi shafi-shafi. Wani ya taɓa zuwa ofis takanas daga garin Klang don ya nuna mana cewa mun rage wa doki gashin wutsiya.

Littafin da na fi daɗewa a kansa na mayu ne da dodanni. Ba zan faɗi sunansa ba, mu a ofis Mayu kawai muke ce masa. Mayyarsu ba irin tamu ba ce mai kama kurwa. Mata ne masu tsafi da ke zaune a kan duwatsu suna kiwon dodanni, dodon kuma wani ƙaton ƙadangare ne mai fukafukai da ke fitar da wuta ta baki. Na san littafin nan fiye da masu yabonsa, domin su karantawa suke yi, ni kuwa na bi kowane layi da hannuna. Juzu'i biyar na farko aiki ne na gaske. Matan suna tashi da sassafe su duba ƙafafun dabbobinsu, suna rigima a kan wurin kiwo, suna tara wutar dodo a tukwane su kai kasuwa su sayar wa maƙera. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ruga zai gane su. Dodon yana da nauyi, idan ya sauka ƙasa kana ganin yadda ciyawa ta kwanta. Akwai tsohuwar da dodonta ya makance ta ƙi yanka shi, babi guda babu faɗa ko ɗaya, kuma shi ne babi mafi kyau a littafin.

Daga juzu'i na shida abin ya lalace. Littafin ya yi kasuwa, sai aka mayar da shi gasar faɗa. Kiwo ya ɓace, kasuwa ta ɓace. Kowace mayya da ta mutu sai ta dawo bayan babi uku da sabon ƙarfi, har mutuwa ta daina ba kowa tsoro. Rigunan 'yan matan suka riƙa ƙanƙancewa, ni ce mai ƙara musu yadi da izinin Japan don littafin ya shiga shagunan Malaysia. Dodannin kuma aka daina zana su. Dodo ɗaya ne aka ajiye a kwamfuta ana kwafa ana juya shi, na gane shi da wani ɓawo da ya karkace a wuyansa, na ƙirga shi sau tara a shafi biyu. Sannan aka kawo miyagun labarin, mayun kudu, baƙaƙe masu rawani da zobba, ba su da gari ba su da iyaye, ba su da dalilin mugunta sai don ana bukatar wanda za a doka. Duk abin da mai zanen ya gani na wasu mutane ya burge shi, sai ya yafa musu a matsayin ado.

Shekarar kullen korona ta same mu muna mutum tara. Shagunan littattafai suka rufe wata da watanni, lasisi suka riƙa ƙarewa babu halin sabuntawa. Mista Tan ya sallami mutum shida, har da Kak Mas, wadda idonta ya riga ya fara rauni. Muka rage daga shi sai ni sai Mei, mai zuba rubutu a cikin kumfar magana, wato 'yan da'irorin da ake sa maganar mutanen labarin, wadda ke riƙe da mahaifiyarta. Mai fassara ba ma'aikacinmu ba ne, daga gida yake aiko da nasa, kalmomi kawai yake kallo. Lasisi ɗaya ya rage mai kawo abinci, shi ne Mayu. Da aka buɗe gari, Mista Tan ya ɗora komai a kan juzu'i na sha ɗaya. Ya kama rumfa a wani baje kolin littattafan zane a unguwar Bukit Bintang, ya yi shela cewa a can za a fara sayar da shi, mutane suka yi rajista da yawa. Maɗaba'a ta ba mu ranar Alhamis da azahar mu miƙa fayil. Idan muka wuce, sai bayan wata guda, baje kolin kuwa saura kwana tara daga ranar.

Ranar Litinin da hantsi ina kan shafi na tamanin da huɗu. Shugabar mayun kudu tana tsaye a tsakiyar wata da'ira da aka zana a ƙasa, tana kiran dodonta, ƙafafunta biyu a kan rubutun da ya kewaye da'irar. Ƙarar tsafin ta ratsa gefe ɗaya, na cire ta, na kwaikwayi ƙugiyoyin rubutun na cike gurbin yadda na saba. Sai na juya shafin don in duba karkata.

Rubutun ya karantu. Ba irin Larabcin da ake bugawa a nan ba ne, irin namu ne na allo, mai kauri, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, irin wanda na koya a soron malaminmu a Kano tun ban kai shekara bakwai ba. Aya ce, cikakkiya, an juya ta an lanƙwasa ta ta zama da'ira. Na bi sauran shafukan. Da'irar ta fito sau bakwai, a biyu daga ciki jini na zuba a kanta.

Na kira Mista Tan. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Ni zane nake gani," in ji shi.

"Rubutu ne. Ayar da muke sallah da ita ce."

"Littafin nan ya shekara a kasuwa a Japan. An buga shi a wasu ƙasashe. Wa ya yi magana?"

"Ba su juya ba, ko ba su iya karantawa ba."

"To nan ma haka ne. A juye yake, ƙanana ne." Ya ja kujera ya zauna. "Rakiya, kin san yarjejeniyar. Ko layi ɗaya ba mu da ikon canzawa sai da takarda daga Japan, takardar kuma sati uku take ɗauka idan an yi sauri. In na canza da kaina, su ƙwace lasisi. In na jira, baje koli ya wuce. Wanne kike so in zaɓa?"

"In ka buga shi haka, wani ya gani, ba lasisi kaɗai za ka rasa ba. Ka fi ni sanin garin nan."

Ya ce ya sani. Ya kuma tuna min, ba da faɗa ba, cewa takardar izinina da sunan kamfanin take, idan kamfanin ya rufe ita ma ta mutu. Na ce na san da haka, amma ba zan sa hannuna a shafin ba. Ya juya ya ce wa Mei ta karɓi shafuka bakwai ɗin ta ƙarasa. Mei ta kalle ni, ta kalle shi, ta ce to.

Ranar Talata na roƙi Kak Mas ta zo. Ta hau jirgin ƙasa ta zo da sandarta da tabaranta mai kauri. Na juya mata shafin, na ƙara masa girma. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa allon, ta daɗe, sannan ta ce ita ba ta ga komai ba, ƙugiyoyi ne kawai. Mista Tan ya buɗe hannuwa.

"Kin ji. Mas Musulma ce, ta yi hajji, ba ta karanta ba."

Na ɗauki takarda da biro. Na kwafi harafi na farko yadda yake a da'irar, a ƙarƙashinsa na rubuta shi yadda Malay suka saba gani. Na yi na biyu, na yi na uku. Ban kai ƙarshen kalma ta uku ba leɓunanta suka fara motsi, ta ƙarasa sauran da ka. Ta cire tabaran ta riƙe a hannu.

"Ba ni wayarka," ta ce wa Mista Tan.

Ya ba ta. Ta ɗauki hoton shafin da aka fitar a takarda, ta danna wuri ɗaya, hoton ya juya. Ta ajiye masa wayar a gabansa.

"Ni da ba na gani na yi wannan. Masu sayen littattafanka har gashin wutsiyar doki suke ƙirgawa. Kuma 'yan ƙasar su Rakiya cike suke a kwalejojin garin nan, suna karanta manga. Mutum ɗaya ya isa."

Mista Tan ya ɗauki wayarsa. Ya ce Mei ta ci gaba, ni kuma in rubuta bayanin da za a aika Japan.

Ranar Laraba aka haɗa mu da wakilin kamfanin Japan ta bidiyo, da tafinta a tsakani. Mutum ne mai ladabi, yana ta sunkuyar da kai. Ya ce sun gode ƙwarai da wannan lura. Ya ce mai zanen yana cikin aiki, ba a katse shi. Ya ce za a kai maganar sashen da ya dace, kuma kafin nan kada a canza komai, kada a gaya wa kowa. Mista Tan ya tambaye shi ko za a iya samun amsa kafin gobe da azahar. Tafintan ya fassara, wakilin ya ja iska ta haƙoransa, ya ce abin zai yi wuya.

Ni dai tun Litinin da yamma na fara sake zana da'irar ba tare da an sa ni ba. Wannan shi ne aikin da ya fi kowane wuya a shekaruna. Dole sabon rubutun ya zama ba rubutun kowa ba, kada in gudu daga Larabci in faɗa cikin haruffan Tamil ko na Thai in jawo wata fitinar. Dole kaurinsa ya zama ɗaya da na da, ya kwanta a ƙasa daidai da yadda ake hangen da'irar a kowane hoto, ya shiga ƙarƙashin ƙafa da jini da hayaƙi ba tare da an taɓa su ba. Daga zanen lalle na ɗebo siffofin, ganye da ƙaya da 'yan ƙugiyoyi, na kakkarya su. Na gama na bakwai ranar Laraba kafin la'asar, aka aika Japan tare da bayanin. Mei ma ta gama nata. Fayil biyu suka zauna a kwamfutar Mista Tan, ɗaya da aya, ɗaya babu izini.

Ranar Alhamis babu wanda ya yi aiki. Mista Tan yana sabunta akwatin imel, Mei tana jera alƙaluma a tebur tana sake jerawa. Na sauka shagon abinci na ƙasa na sayo mana abinci a leda, babu wanda ya buɗe ledar. Sha ɗaya da rabi maɗaba'a ta kira, ya bar wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Sha biyu saura kwata suka sake kira. Ya ɗauka, ya saurara, ya ce su ba wani gurbin. Ya ajiye wayar a hankali, ya ɗauki makullin motarsa ya fita, bai dawo ba sai washegari.

Mun je baje kolin da tsofaffin juzu'ai. Tun da Japan ta hana faɗin dalili, takarda kawai aka manna cewa an samu jinkiri wajen bugu. Ni na tsaya a rumfar ina ba mutane haƙuri. Wata yarinya ta zo daga garin Ipoh a bas, sanye da kayan mayyar da ta ɗinka da hannunta, ta karanta takardar sau biyu ta tambaye ni ko kamfanin ne zai rufe. A intanet an zage mu iya zagi, da yawa suka koma karanta na sata.

Amsar ta zo bayan kwana ashirin da uku, layi biyu. An amince da gyaran, a yi amfani da shi. Daga baya tafintan ya gaya wa Mista Tan cewa mai zanen bai san komai ba, wani mataimakinsa ne ya samo hoton tsohuwar takarda a intanet ya ga ta yi kama da tsafi. Wannan shi ne babban aibin littafin a wurina, ya fi na dodon da ake kwafa. Mutum ya zana kowace ciyawa ta ƙauyen da ya ƙirƙira da kulawa, amma rubutun mutane masu rai bai tsaya ya tambayi me yake cewa ba.

Juzu'in ya fito a makare da wata biyu, bai yi kasuwar na baya ba. A ƙarshen shekara Mista Tan ya ce ba zai iya riƙe mutum biyu ba. Ni na iya gyaran shafi na kuma iya zuba rubutu, Mei a rubutu kawai ta ƙware. Ita aka sallama.

Bayan wata huɗu na gan ta a Bukit Bintang, a wata 'yar rumfa a ƙasan wani babban kanti, tana manna wa wayoyi gilashin kariya. Na tsaya har ta gama da wanda ke gabanta. Ta ɗora gilashin sau ɗaya, ko kumfar iska ɗaya babu. Muka gaisa, na tambayi jikin mahaifiyarta, ta ce da sauƙi. Ta tambayi ofis, na ce muna nan. Na fara cewa wani abu game da abin da ya faru, ta girgiza kai.

"Bar shi, Kak. Abu ɗaya kawai nake so in sani. Kwana biyu na yi ina gyara shafukan nan, aikina ya tafi a kansu, har yau babu wanda ya gaya min abin da rubutun yake cewa."

Na gaya mata. Na ce addu'a ce ta neman tsari, muna karanta wa yara, kuma cikin abubuwan da ake neman tsari daga gare su a wurin har da sharrin mata masu tsafi.

Ta tsaya da ƙyallen goge gilashi a hannu.

"Wato korar ta rubutun yake yi, ita kuma tana tsaye a kai."

"Haka ne."

Ta gyaɗa kai a hankali. Wani mutum ya miƙo wayarsa ta kan kafaɗata, gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Mei ta karɓa, ta sa farce ta fara ɓare tsohon, ni kuma na matsa na ba shi wuri.